Babi na Uku: Kyandir Ɗaya, Darasi Shida

Wata rana bayan sallar isha'i aka ɗauke wuta a unguwarmu, fitilar caji kuma ta riga ta mutu tun magariba. Aka aiki yaro kanti ya sayo kyandir. Na ɗiga ɗan narkakken kakin a bayan faranti, na kafa shi a tsakiyar tabarma. Yaran gidan su biyar suka kewaye shi, domin nan ne kaɗai ke da haske. Ƙaramin cikinsu har ya fara gyangyaɗi.

Na ce musu, "Ku matso ku ga wani abu."

Na ƙyasta ashana na riƙe ta a hannun dama, sannan na hure kyandir ɗin a hankali. Wani farin hayaƙi siriri ya miƙe daga kan lagwanin. Na kai ashanar cikin hayaƙin, kamar tsawon ɗan yatsa a sama da lagwanin. Sai wutar ta bi hayaƙin ta gangara, kyandir ya kama. Mai gyangyaɗi ya wartsake. Suka haɗa baki: "Baffa, sake!" Na sake, na kuma sakewa. A karo na huɗu sai ɗiyar ƙanena, wadda ke aji biyar a firamare, ta sa hannu ta riƙe hannuna ta ce, "Baffa, tsaya. Ai ba ka taɓa lagwanin ba. To mene ne ya kama wutar?"

Wannan tambayar nake jira. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. Wani Bature ɗan maƙeri ne ya yi wa yaran Landan ita fiye da shekara 160 da suka wuce, kuma a ganina har yau ba a yi wanda ya kai shi iya jawo hankalin mutum zuwa kimiyya ba. Sunansa Michael Faraday.

An haife shi a 1791 a gefen birnin Landan, a gidan da abinci ma wani lokaci sai an yi dabara. Karatun makaranta bai wuce ya iya karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana ɗan shekara 14 aka ba da shi koyon sana'a a shagon wani mai ɗinke littattafai da yi musu bango, George Riebau, inda ya yi shekara bakwai. Littattafan da ake kawowa a ɗinke su ya riƙa karantawa kafin masu su su zo karɓa. Biyu daga ciki suka canza masa rayuwa. Ɗaya kundin ilimi ne na Britannica, inda ya ci karo da bayani a kan lantarki. Ɗayan kuwa wata mata ce, Jane Marcet, ta rubuta shi a kan kimiyyar sinadarai, kuma ta tsara shi ne kamar hira tsakanin malama da ɗalibanta mata biyu: su yi tambaya, ta nuna musu, su yi gardama, ta sake nunawa. Faraday ya riƙa tara 'yan kuɗinsa yana sayen kayan gwaji don ya tabbatar da abin da matar ta faɗa. Har ya tsufa, ya yi suna a duniya, bai daina ambaton alherinta ba.

Ina so mai karatu ya riƙe wannan. Mutumin da ya zama gwanin sauƙaƙa kimiyya, shi kansa ta ƙofar sauƙaƙawa ya shigo. Da Jane Marcet ta rubuta littafinta don manyan masana kaɗai, da wataƙila yaron ya ɗinke shi ya miƙa wa mai shi, shi ke nan.

A 1810 ya fara zuwa laccocin dare da wani maƙerin azurfa, John Tatum, yake yi a gidansa. Kuɗin shiga sule ɗaya ne, kuma yayansa Robert, wanda ya gaji ƙira, shi ke biya masa. A 1812 wani mai hulɗa da shagon ya ba shi tikitin sauraren Humphry Davy, babban masanin sinadarai na zamanin, a cibiyar Royal Institution. Ya zauna ya rubuta duk abin da ya ji da abin da ya gani, ya zana kayan gwajin, ya ɗinke takardun da hannunsa suka zama littafi, ya aika wa Davy yana neman aiki. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi yaron ɗakin gwaji, mai wanke kwalabe da shirya kaya. A wannan ginin ne a 1821 ya sa waya mai ɗauke da lantarki ta riƙa kewaya maganaɗisu, wanda shi ne tushen kowane injin lantarki mai juya fanka ko injin niƙa. A 1831 kuma ya gano cewa idan aka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki zai gudana a cikinta. Manyan injinan madatsar Kainji da ƙaramin janareton mai aski a bakin titi, duk a kan wannan binciken suke aiki.

Mutum mai irin wannan matsayi yana iya cewa ba shi da lokacin yara. Shi kuwa a 1825 ya assasa laccocin da ake yi wa yara a lokacin hutun Kirsimeti, kuma shi da kansa ya gabatar da jerinsu har sau 19. Wanda ya fi shahara shi ne na kyandir. Ya fara yin sa a 1848, ya maimaita a ƙarshen 1860 zuwa farkon 1861, aka rubuta abin da ya faɗa aka buga shi littafi a 1861, da sunan The Chemical History of a Candle, wato tarihin kyandir ta fuskar kimiyyar sinadarai. Lacca shida, kowace kusan sa'a guda, duk a kan abin da kowane yaro a zauren ya baro a gidansu.

Ya fara ne da nuna musu kyandirori iri-iri: na kitsen shanu, na kakin zuma, na man kifin nan mai girma da ake farauta a teku, har da wani da aka tsamo daga jirgin ruwan yaƙi mai suna Royal George, wanda ya nutse a 1782 ya shafe shekaru masu yawa a ƙarƙashin ruwan gishiri. Ya tsattsage, ya canza kama, amma da aka kunna shi ya ci. Bayan idanu sun buɗe, sai ya koma kan kyandir na yau da kullum ya fara tambaya.

Bari mu bi shi, domin a nan daɗin yake. Idan akwai kyandir kusa, a kunna shi, a kashe fanka.

A duba samansa. Kakin da ke kusa da lagwani ya narke, amma gefen bai narke ba, sai ya zama kamar ɗan ƙoƙo mai riƙe da ruwan kakin. Wa ya ƙera ƙoƙon? Iska ce. Zafin wutar yana sa iskar da ke kusa ta yi sama, sabuwar iska mai sanyi ta biyo jikin kyandir daga ƙasa ta maye gurbinta, tana sanyaya gefen. Shi ya sa idan iska ta kaɗo ta gefe ɗaya, ƙoƙon ya karkace, kaki ya fara zuba. Kyandir mai tsiyaya ba lallai ne ya zama maras kyau ba. Sau da yawa wurin da aka ajiye shi ne.

To kakin yana ƙasa, wutar tana sama. Ta yaya yake hawa? Duk matar da ta taɓa barin bakin zane a cikin bokiti ta dawo ta tarar ruwa ya haura ya jiƙa rabin zanen ta san amsar. Ruwa yana bin 'yan ƙananan hanyoyin da ke tsakanin zare yana hawa, ko da kuwa sama ne. Faraday ya nuna wannan da tarin gishiri a kan faranti: ya zuba ruwan gishiri mai launin shuɗi a gindinsa, yara suka ga shuɗin yana haurawa. Haka kananzir yake hawa lagwanin fitilar ƙwai, haka man gyaɗa yake hawa tsumman aci-balbal.

Yanzu ga amsar tambayar ɗiyata. Daskararren kaki ba ya cin wuta. Narkakke ma ba ya ci, shi ya sa wutar ba ta gangarowa ta cinye ƙoƙon. Sai kakin ya hau lagwani, zafi ya mayar da shi tururi, sannan ya kama. Farin hayaƙin nan da ke tashi idan an hure kyandir, mai ƙaurin da kowa ya sani, tururin kaki ne wanda bai samu ya ƙone ba. Shi ashanata ta kunna, wutar ta bi shi har gida. Lagwanin hanya ce kawai. Abin da muke kira wutar kyandir tururi ne ke ci.

Harshen wutar kansa ba abu ɗaya ba ne. A dube shi da kyau, a ƙasa akwai shuɗi, a tsakiya kusa da lagwani akwai wani wuri mai duhu-duhu, sama kuma rawaya mai haske. Wurin mai duhu tururi ne zalla, iska ba ta kai can ba, don haka ba abin da ke ƙonewa. Faraday ya soka bututun gilashi a wurin, ya janyo tururin ya fito ta ɗaya bakin, ya kunna shi can nesa da kyandir. Wuta tana ci ne a bakin iyaka, inda tururi ya haɗu da iska, kuma nan ne zafi ya fi tsanani, yana kaiwa wajen digiri 1,400 a ma'aunin Salshiyos. Ana iya ganin shaidar haka da farar takarda mai kauri. Babba ya riƙe ta a kwance, ya sauke ta cikin harshen wutar na ɗan ƙiftawar ido ya ɗauke. Abin da zai gani zobe ne na ƙuna, tsakiyarsa fari. Harshen wuta ashe holoƙo ne.

Hasken fa? A sa bayan cokali mai sanyi a cikin rawayan, a fito da shi. Ya yi baƙi ƙirin. Wannan baƙin shi ne ke mannewa a gilashin fitila idan an ɗaga lagwani da yawa, shi ne kuma a gindin tukunya. Ƙananan ƙwayoyin kabon ne, ɗan'uwan gawayi. Zafi ne ya fasa tururin kakin, ƙwayoyin suka fito, suka yi zafi har suka yi jawur suna haske kamar ƙarfe a maƙera, kafin su kai bakin harshen su ƙone. Wato abin da ke haskaka ɗakin shi ne dai baƙin da ke ɓata cokali. Na daɗe da sanin wannan, amma har yau idan na faɗe shi sai na ji tsigar jikina ta tashi. Farin kyandir, a cikinsa akwai baƙin gawayi, kuma baƙin ne ke ba da haske. Shi ya sa wutar risho ko ta gas da aka daidaita da kyau take shuɗiya ba ta da haske sosai: iska ta wadata, kabon yana ƙonewa tun kafin ya taru.

Daga nan Faraday ya yi tambayar da ta fi kowace wuya: kyandir ya ƙare, ina ya tafi? Itace yana barin toka. Kyandir ba ya barin komai. Sai ya riƙe abu mai sanyi a saman wutar, raɓa ta taru a jikinsa. Ruwa ne, irin wanda ake sha. Kowa na iya kifa busasshen kofin gilashi a sama da harshen na ɗan lokaci ya ga ya yi hazo. Wuta, wadda ake kashewa da ruwa, tana haifar da ruwa. Dalili shi ne kaki haɗin abu biyu ne, kabon da haidirojin. Iskar da muke shaƙa kuma kusan kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Haidirojin ya haɗu da oksijin, ya zama ruwa. Kabon ya haɗu da oksijin, ya zama wata iska marar launi da ake kira kabon-dayoksaid. Idan aka ƙone kilo 1 na kaki, za a samu kimanin kilo 1.3 na ruwa da kimanin kilo 3 na wannan iskar. Abin da ya fita ya ninka abin da aka sa fiye da sau huɗu. Ƙarin daga iskar ɗakin ya fito. Ba abin da ya ɓace, kama kawai ya canza.

A lacca ta shida ya rufe da'irar. Akwai ruwan farar ƙasa da ake tacewa ya yi garau, wanda idan kabon-dayoksaid ta ratsa shi sai ya yi fari kamar an zuba madara. Ya tara iskar da ke fita daga kyandir ya kaɗa ta da ruwan, ya yi fari. Sannan ya sa bututu a baki ya busa numfashinsa a cikin wani sabon ruwan. Shi ma ya yi fari. Yaran da suka zo kallon kyandir sai ga shi an nuna musu kansu. Tuwon da muka ci shi ne kakinmu, huhu yana kawo oksijin, jiki yana ƙona abincin a hankali ba tare da harshen wuta ba, ɗumin jikinmu shi ne zafin, abin da muke fitarwa kuma shi ne abin da kyandir ke fitarwa. Tsirrai su karɓi wannan iskar, su yi ganye da hatsi da itace da ita, su mayar mana da oksijin.

Daga ƙoƙon kaki zuwa numfashin ɗan Adam da ganyen bishiya, a sa'a shida, ba tare da ya tsallake mataki ɗaya ba.

Masu kallo sun ɗauka baiwa ce kawai. Akwai baiwa, amma akwai gumi. Tun yana ɗan shekara 21 yake rubuta wa abokinsa Benjamin Abbott wasiƙu a kan abin da ke gyara lacca da abin da ke ɓata ta, har da iskar zaure da tsawon lokaci. Ya je ya koyi sarrafa murya a wurin malamin furuci. Ya sa wani amininsa ya riƙa zama cikin jama'a yana rubuta masa kurakuransa. Yana da kati da ake ajiye masa a gaba idan ya fara sauri, da wani idan lokaci ya kusa cika, domin bai yarda a riƙe mutane fiye da sa'a guda ba. Ba ya ambaton abu idan zai iya nuna shi. Idan zai ce dutse yana faɗuwa ƙasa, sai ya saki dutsen. Gani ya kori ji, kuma shi ya ɗauki wannan da gaske fiye da yawancinmu da muka gaji karin maganar.

Labarin laccocin ya fita daga zauren. A 1850 marubuci Charles Dickens ya rubuta masa yana roƙon aron takardunsa, aka mayar da darasin kyandir ya zama labari a mujallarsa ta Household Words. A Disambar 1855 Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya kawo 'ya'yansa maza biyu suka zauna a gaba suna saurare. Dole kuma a faɗi gaskiya, zauren na masu hali ne. Tikiti ake saya, kuma ɗan maƙeri irin Faraday na da bai isa ya shiga ba sai an biya masa. Littafin ne ya fasa wannan katangar, daga baya kuma talabijin. Tun 1966 ake nuna laccocin a talabijin duk shekara, kuma mutane irin su David Attenborough a 1973 da Carl Sagan a 1977 sun tsaya a inda Faraday ya tsaya. Ana yin su har yanzu.

Abin da ke damuna shi ne nisan da ke tsakanin wannan da yadda yawancinmu muka haɗu da kimiyya. Na yi aji da yara fiye da sittin, malami ya rubuta ma'anar ƙonewa a allo da Ingilishi, muka kwafa, muka haddace, muka zuba a takardar jarrabawa, muka ci. Ba a taɓa kunna ko ashana ɗaya a ajin ba. Ban zargi malamin ba, shi ma haka aka koya masa, kuma an ce masa kimiyya sai da ɗakin gwaji, makarantar kuwa ba ta da shi. Amma sakamakon shi ne muka tashi muna ganin kimiyya wata baƙuwa ce da ke zaune a cikin littafi tana jin Turanci kaɗai, ba ta da alaƙa da murhun da aka dafa mana abincin rana.

Alhali garuruwanmu cike suke da kyandirori irin na Faraday. A je marinar Ƙofar Mata a Kano a tsaya a bakin rami. Marini zai tsamo zane daga ruwan baba, ya fito kore-kore, ya ɗaga shi a iska, a gaban idonka ya rikiɗe ya zama shuɗi. Oksijin ɗin da ke ciyar da kyandir shi ne ya taɓa babar ya canza ta, kuma shi ya sa marini yake tsomawa yana ɗagawa, yana tsomawa yana ɗagawa. A je maƙera a tambayi yara me ya sa garwashi ke yin fari idan an taɓa zugazugi. A tsaya a gaban randa a tambaya me ya sa ruwanta ya fi na bokitin roba sanyi, alhali a inuwa ɗaya suke. Randa tana zufa, ruwan da ya tsattsafo ta jikinta yana bushewa, kuma bushewar tana tafiya da zafi. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki wannan sanin da kowace tsohuwa take da shi, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ya samar wa manoma hanyar adana tumatir da gauta da alayyafo na kwanaki ba tare da lantarki ba. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex a kan haka.

Harshen ma ba shi ne cikas ba kamar yadda ake cewa. Duk bayanin da na yi a sama, kalmomin aro nawa na nema? Oksijin, haidirojin, kabon. Sauran duk namu ne: tururi, hayaƙi, lagwani, raɓa, garwashi, harshen wuta. Yaron da ya gane abu da harshen da yake mafarki da shi, ba shi sunan Turanci daga baya aikin minti ɗaya ne. Wanda aka ba shi sunan kafin ya ga abin, ya riƙe fanko. Kuma abin ya wuce cin jarrabawa. Duk lokacin hunturu ana jin labarin iyalin da suka kwana da gawayi ko janareto a rufaffen ɗaki ba su tashi ba. Wuta idan iska ta yi mata kaɗan tana fitar da wata iska mai guba, kabon-monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mutumin da ya taɓa kallon kyandir yana shaƙewa a ƙarƙashin kofi, aka kuma nuna masa cewa shi da wutar iska ɗaya suke rabawa, zai fi saurin tashi ya buɗe taga.

Sai dai akwai rami a wannan hanyar, kuma masu son faranta wa jama'a suna yawan faɗawa. Sauƙaƙawa daban, ƙarya daban. Akwai wani gwaji da ya yaɗu a littattafan yara da bidiyoyin waya: a kafa kyandir a faranti mai ruwa, a kifa masa kofin gilashi, wutar ta mutu, ruwa ya haura cikin kofin. Sai a ce wai wutar ta cinye oksijin duka, ruwa ya hau ya cike gurbinsa, kashi ɗaya cikin biyar. Bayani ne mai daɗin ji, mai sauƙin haddacewa, kuma ba daidai ba ne. Kyandir yana mutuwa tun da sauran oksijin mai yawa a kofin, kuma wani ɓangare na wanda ya ƙone kabon-dayoksaid ta maye gurbinsa. Babban dalilin hawan ruwan shi ne zafi: iskar da aka kifa a kanta mai zafi ce, ta kumbura, da wutar ta mutu sai ta huce ta tsuke, iskar waje ta turo ruwa ciki. Shaidar tana gaban mai kallo. Yawancin ruwan yana hawa ne bayan wutar ta mutu, kuma idan aka sa kyandir uku maimakon ɗaya, ruwan ya fi hawa, alhali oksijin ɗin kofin bai ƙaru ba. Wanda ya ba yaro bayanin farko ya ba shi mamaki, amma ya rufe masa ido. Na fi son a ce masa, "Lura da kyau, yaushe ruwan ya fara hawa?" a bar shi ya kama ƙaryar da kansa. Haka kuma ba na ganin amfanin wasan da za a yi ƙara da walƙiya da kumfa mai launi, a yi tafi, a watse ba wanda ya tafi da tambaya. Wannan rufa-ido ne da rigar likita. Faraday ma yana tayar da ƙara, yana cika kumfar sabulu da haidirojin ta tashi sama, amma kowace ƙara amsa ce ga tambayar da ya riga ya dasa a zuciyar yaran.

Ba a san inda irin wannan iri yake tsira ba. A Japan, wata malamar firamare ta ba wani yaro ɗan aji huɗu shawarar ya karanta littafin kyandir. Yaron, Akira Yoshino, ya girma ya zama ɗaya daga cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019, saboda batirin litiyom, kuma shi da bakinsa ya ce daga wannan littafin sha'awarsa ta faro. Batirin da ke cikin wayar hannunka ke nan, da cikin yawancin fitilun sola da suka kori kyandir daga gidajenmu. Su ma 'yan sama jannati sun ɗauki kyandir sun tafi da shi sararin samaniya a shekarun 1990. A can, inda abu ba ya jin nauyinsa, iska mai zafi ba ta tashi sama, don haka harshen wutar bai yi tsini ba. Ya dunƙule kamar ƙwallo, shuɗi, mai raunin haske. Abin da Faraday ya faɗa wa yara game da iskar da ke bin jikin kyandir tana haurawa, sai ga shi an tabbatar da shi ta hanyar cire ta.

A daren nan namu ban kai ga ko rabin wannan ba. Mun yi na hayaƙi, mun yi na cokali, kowa ya shafa baƙin a yatsa ya shinshina. Na kifa ƙaramin kofin shayi na gilashi a kan wutar, muka ƙirga tare, ta mutu muna kan takwas. Ana cikin haka aka kawo wuta, fanka ta fara juyawa, yaran maƙwabta suka kaure da ihu a waje. Biyu daga cikin namu suka ruga wajen talabijin. Ɗiyar ƙanena kuwa ta miƙe ta kashe ƙwan ɗakin da fankar, ta shiga kicin, muka ji tana motsa kwanuka. Ta dawo rungume da babbar kwalbar da mahaifiyarta ke zuba sukari, ta juye sukarin a kwano.

"Baffa, kunna. Wannan ta fi girma. Na ce za ta kai ashirin."

Ƙaninta ya ce ba za ta wuce goma sha biyar ba. Na ƙyasta ashana, ta kifa kwalbar da hannu biyu, suka fara ƙirgawa.